Ina Ungulun Kwatar Potiskum?

Duk wanda ya san Potiskum ya san ta da shanu. Kasuwar shanunta na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma tirelolin da ke lodi a nan su ne ke kai nama har Legas da Fatakwal da Anaca. Inda ake yanka kuwa, a da ba a rasa ungulu. Kafin mahauta su gama fiɗa sun jeru a kan katanga da rufin kwano, wuya a lanƙwashe, suna jiran a zubar da tumbi da guntun hanji. Yara su jefe su, mahauta su kore su da ƙafa, su ɗan matsa su dawo. Ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Yau tambayi yaron firamare ko ya taɓa ganin ungulu da idonsa. Yawancinsu a karin magana kaɗai suka san ta: ungulu ba ta jewar banza. Hankaki da shirwa da karnuka ne suka gaji wurin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da wuya ka sami wanda zai faɗa maka shekarar da suka tafi. Tsuntsun da muke kwana muna tashi da shi ya yi ta raguwa a gaban idonmu, mu da ke gari ba mu ƙirga ba, ba mu rubuta ba, ba mu ma tambayi juna ba.

Aikin ungulu aikin tsafta ne, kuma kyauta take yin sa. Jaki ya mutu a bayan gari, ko saniya ta faɗi a hanyar kasuwa, kafin wari ya tashi ita da maiki sun bar ƙashi da fata. Ruwan cikinta na da ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, don haka cutar ta kan ƙare a cikinta. Kare kuwa sai ya ci mushe ya shigo gida ya lashi kwanon yara.

Indiya ta ɗanɗana wannan. Daga farkon shekarun 1990 ungulayenta suka fara mutuwa, har sama da kashi 95 cikin 100 suka ƙare cikin shekaru ƙalilan. Sai a 2004 aka gano dalili: diclofenac, maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa. Ungulu ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta ta lalace, ta mutu. Gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma mai afkuwa ta afku. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a wani bincike da aka wallafa a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar ƙarin mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Garin da dukiyarsa shanu ce ya kamata ya san wannan labari, musamman likitocin dabbobi da masu sayar da magani a bakin kara.

A wajenmu babban dalilin daban ne, kuma ya fi muni, domin da gangan ake yi. Kamawa ake yi ana sayarwa. Kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta suna da kuɗi a wurin masu tsubbu, ana ce wa mutane suna kawo sa'a ko kariya ko ganin abin da ke ɓoye. Da ta yi wuya a Najeriya sai masu fataucinta suka koma sayowa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso. A 2020 an kashe ungulu sama da 2,000 da guba a Gine-Bisau, aka tarar da wasu babu kai. Ga kuma sare manyan itatuwa don itace da gawayi. Bahaushe ya ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to tsamiyar da kukar da maɗacin da take sheƙa a kansu nawa suka rage a kewayen gari? Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da shuɗewa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Tsuntsun da haihuwarsa ke tafiya a hankali haka, in aka kashe uwa goma an kashe shekaru masu yawa.

Yanzu a kwatanta da Dagona. In ka bi hanyar Jakusko daga Potiskum zuwa Gashuwa, kana ƙasar Bade, inda tafkin Dagona yake, cikin fadamun Haɗejia da Nguru. Can ne agwagin ruwa da sauran tsuntsayen Turai ke sauka in sanyi ya kama ƙasarsu, bayan sun ƙetare Sahara, su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya, sannan su juya kafin zafi ya yi tsanani. A 1987 aka fara wani shiri na kare fadamun, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta yi tare da ƙungiyoyin waje. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona a 1989. A 1991 wurin ya shiga cikin Gandun Ƙasa na Tafkin Chadi, a 2000 kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. Duk wannan daraja daga ƙidaya ta samo asali. Wasu mutane ne suka riƙa shiga kwalekwale a watan Janairu, cikin hazo da sanyin asuba, suna ƙirga tsuntsaye suna rubutawa. Saboda su ne in tsuntsayen Dagona suka ragu za a iya cewa sun ragu, a kuma nemi dalili.

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke zuwa. Ambaliyar damina ta ragu, wasu wuraren kuma ruwa ya daina janyewa da rani, sai kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama mazaunin jan-baki mai cinye hatsi. Mutanen ƙauyukan nan sun sha fitowa aikin gayya da adda da lauje, ruwa har ƙirji, suna sare kachala don ruwa ya wuce. Manomi ya yi don gonarsa, masunci don komarsa, makiyayi don burtali da mashaya, amma agwagwar da ta taso daga Turai ita ma ta ci moriyar wannan gumi. A ganina babu aikin sa-kai na kare namun daji da ya fi wannan inganci, ko da masu yin sa ba su kira shi da wannan suna ba.

Haka abin yake a Yankari ta jihar Bauchi, gandun da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a ƙasar nan. Giwa ba ta san iyakar gandu ba. Dare ɗaya ya ishe ta ta tashi gonar masarar da mutum ya shekara yana wahala a kanta. Bayan ƙungiyar WCS mai kare namun daji ta ƙulla yarjejeniyar aiki da gwamnatin Bauchi a 2014, an zaɓi mutane daga ƙauyukan kewaye, waɗanda in giwaye suka nufo gonaki za su buga waya ma'aikatan gandu su zo a kora su. Mai gadi da bindiga yana da muhimmanci, amma ba zai kasance ko'ina ba. Ɗan ƙauye ne ke fara ganin sawu da safe.

A Kenya da Afirka ta Kudu akwai gandayen da matasa daga Turai da Amurka ke biyan kuɗi masu yawa don su je su yi 'yan makonni suna aikin sa-kai. Ba na raina niyyarsu. Sai dai wanda ya zo na wata guda ya koma ba zai san cewa bara akwai sheƙa a wancan maɗacin bana babu ba. Wannan sanin na mazaunin wuri ne, kuma shi ne muka yi sakaci da shi a kan ungulu.

Hanyar gyara tana nan. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke yin sa, ciki har da ayarin matasan Arewa, ɗalibai da malamai da ma'aikata. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsaye da kwance. Mutum ya shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya aika ta manhajar BirdLasser a wayarsa. Kwatar Potiskum da karar shanu da juji da fadamun bayan gari duk suna cikin irin waɗannan gidaje. Ko rashin gani ma labari ne: wanda ya rubuta cewa ya tsaya awa biyu a kwata bai ga ungulu ba ya bar shaidar da za ta yi amfani nan da shekara ashirin.

Na san abin da za a ce. Garin da aka kai wa kasuwar shanunsa hari a watan Mayun 2012, garin da ya binne ɗaliban makarantar sakandare a Nuwamban 2014, garin da magidanci ke lissafin kwanon masara kafin ya fita, shi za a zo wa da zancen tsuntsu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Amma mushen da ke ruɓewa kusa da rijiya, ba unguwar masu kuɗi yake cutarwa ba. Yaron da mahaukacin kare ya ciza, yawanci ɗan wanda ba shi da kuɗin allura ne. Kuma Alƙur'ani, a Suratul An'am, ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Malaman da ke wa'azi a kan zuwa wurin boka suna da ƙarin hujja a nan, don wannan ciniki ya haɗa ɓata aƙida da ɓata halitta.

Waɗanda suka fi kowa iya taimakawa su ne masu sana'ar da ta haɗa su da ungulu tun asali. Sarkin Pawa in ya ce ba a kama ungulu a kwatarsa, ba za a kama ba. Makiyaya sun san inda maiki ke sauka a daji. Direbobin tirela suna ratsa garuruwa daga nan har kudu, sun san kwatar da har yanzu ake ganin ungulu da wadda babu. Wanda kuma ya ga sheƙa a wata bishiya, ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji, kada ya baza labarin a kasuwa inda masu saye ke kasa kunne. Da rani ungulu take kwanci, kimanin kwana 50, ɗan kuma sai ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Ke nan bishiyar na buƙatar wanda zai sa mata ido kusan rabin shekara, ya hana mai gatari da mai hawa ɗaukar ƙwai, har ɗan ya yi fiffike.