Wane Ne Sa'an Yarinya a Fagen Kokawa?

A shekarar 2011, a gasar kokawa ta makarantun sakandare ta Jihar Iowa a Amurka, aka haɗa wani yaro da wata yarinya. Yaron ya ce imaninsa bai yarda masa ya kama mace da kokawa ba, ya janye. Alƙali ya ɗaga hannun yarinya alhali ko gumi ba ta yi ba.

To, jama'a, wa aka zalunta a nan? Wasu za su ce yaron, don kuwa an sa shi zaɓe tsakanin kambi da lamirinsa. Ni a ganina yarinyar ma ba ta tsira ba. Ta yi wata da watanni tana horo, aka miƙa mata nasarar da kowa zai ce kyauta ce. Ɗan kokawa ba ɗaga hannu kaɗai yake nema ba, so yake a ga ya ka da sa'ansa.

Asalin abin kuwa wata doka ce ta 1972, wadda suke kira Title IX, da ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Ƙofa ta buɗe, amma fa babu fagen mata. Wadda ke son kokawa sai ta shiga cikin maza. A 1994 'yan matan da ke yin haka ba su kai 1,000 ba a ƙasar duka. Hawai ce ta fara shirya wa 'yan mata gasar jiha tasu a 1998, Teksas ta bi a 1999, ita kanta Iowa sai a 2022 ta amince. Ya zuwa 2024 sun haura 60,000.

Masu cewa raba fage wariya ce sun manta abu guda. Kokawar makaranta tun asali a rabe take. Kafin karawa sai kowa ya hau ma'auni, kuma ba a haɗa mai laba 106 da mai laba 200, ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci. Watau wasan da kansa ya yarda cewa adalci shi ne a ba mutum abokin karawar da zai iya kayarwa, wanda shi ma zai iya ka da shi. Da yake bayan balaga ƙarfin namiji yakan zarce na mace ko da nauyinsu ɗaya, sai mai tsananin jarunta ce kawai ke jure zama a fagen maza. Sauran dubbai suna gida.

Sai dai rabon nan ba kyauta ya zo ba. Makarantar ƙauye mai 'yan mata uku takan yi tafiya mai nisa, a je a tarar babu kowa a ajin nauyinsu, a sake ɗaga hannu a banza. Sa'an nan ga Michaela Hutchison, wadda a 2006 ta ka da maza ta ci kambin Jihar Alaska. Da a Teksas take, inda dokar gasar makarantu ta hana haɗa mace da namiji, da ba a ko bar ta ta hau ma'auni tare da su ba. Na goyi bayan rabawa, amma ban ga hujjar hana irinta zaɓen fagen da ta ga dama ba.