Gyara: Halin Kirki Ne Ko Halin Babu?

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Batsari. Muna zaune a inuwar wata bishiyar bedi wurin wani dattijo mai gyaran risho da fitilun ƙwai, muna jiran ya gama mana da wata fitila, sai ga wata tsohuwa da ƙunshi a ka. Ta sauke ta kwance. Risho ne mai lagwani, koren fentinsa duk ya koɗe, da kuma agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, irin wanda ake yi wa wani. A cikin gaisuwa muka ji cewa daga wani ƙauye take a ƙasar Safana, bakin dajin Rugu, amma tun daren da ɓarayin daji suka tashe su take zaune cikin gari wurin dangi.

Mai gyara ya juya rishon ya ce, "Inna, kuɗin gyaran wannan ai ya kusa sayen kurfoti biyu. Kananzir ɗin ma ina kika gan shi?"

Ta ce, "Kai dai gyara mani, Malam. Da shi aka kai ni ɗaki. Shi kuma agogon shi ke tashe ni sahur."

Wannan ʼyar magana ita ta haifar da tambayar da muke so mu tattauna da ʼyanʼuwa marubuta a wannan fitowa: shin gyaran tsohon abu halin kirki ne da ya cancanci yabo, ko kuwa talauci ne kawai muka yi wa lalle muka sa masa sunan dattako?

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata mu san abin da muke gardama a kansa. A shekarar 1892 ne Frans Wilhelm Lindqvist da abokin sanaʼarsa suka fara ƙera rishon Primus a ƙasar Suwidin. Shi ne mai famfo, wanda ake buga wa iska ta tura kananzir sama, zafin kan rishon ya mai da shi tururi, ya fito ta wani ɗan rami yana ruri. Irinsa Amundsen ya ɗauka a tafiyar da ta kai shi ƙarshen duniya ta kudu a 1911. Daga baya mai lagwani ya fi yawa a gidajenmu, musamman irin su Butterfly, har ya shiga kayan ɗakin amarya tare da kwalla da samira. Aikinsa ba wani asiri ba ne. Lagwani ya tsotso mai daga tanki, wasu gwangwanaye biyu masu huji-huji su haɗa tururin man da iska, sai wuta ta fito shuɗiya. Idan ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, to ko dai kawunan lagwanin ba su daidaita ba, ko hujin ya toshe.

Haka agogon yake. In an yi masa wani, ƙarfin hannun mutum ne ake tarawa a cikin wani naɗaɗɗen sifirin. Sifirin yana son warwarewa gaba ɗaya, amma wasu ƙafafu masu haƙora da wata ʼyar ƙafa mai kai da komo suka hana shi, suna sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan. Ƙarar nan ta tik-tik da muke ji, ƙarar wannan hani ce. Abin da ya fi kashe irin wannan agogo a ƙasarmu shi ne ƙurar hunturu da busasshen mai. A wanke, a ɗiga mai, sai ya tashi.

A Amurka, a shekarun 1940 da 1950, kamfanoni irin su Chambers da OʼKeefe & Merritt sun haɗa abubuwan nan biyu a jiki ɗaya: babban murhun gas da agogo a goshinsa, uwargida ta murɗa shi zuwa mintocin da take so, in lokaci ya cika ya kaɗa ƙararrawa kada abinci ya ƙone. Akwai masu neman waɗannan tsofaffin murahu su kwance su, su goge, su mai da su aiki, alhali suna da halin sayen sabo goma. A Holan ma, a 2009, wata mata mai suna Martine Postma ta buɗe wani zaure a birnin Amsterdam inda jamaʼa ke kawo kayan da suka lalace a taru a gyara kyauta, abin kuma ya bazu ƙasashe da dama.

To a nan ne mai suka zai tare mu. Zai ce: su waɗancan marmari ya kai su, mu kuwa dole ce. Wanda ya ƙoshi ya bar tuwo ana iya cewa ya yi kawaici, amma wanda bai samu ba fa? Ba a yabon mutum a kan abin da ba shi da zaɓi a cikinsa. Zai ƙara da cewa Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, saboda haka duk wannan yabon tsohon ƙarfe kukan wanda zamani ya bari a baya ne. Zai kuma kawo hujja mai ƙarfi. Tun da aka janye tallafin kananzir a Janairun 2016, man da gwamnati ta ƙayyade wa naira 50 a lita ya yi ta hawa, har a ƙarshen 2022 ya haura naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado, mata suka koma ga gawayi da itace, masu hali suka koma ga gas. Mene ne amfanin gyara abin da ba a iya ciyar da shi?

Ba mu raina wannan suka ba, don akwai gaskiya a cikinta. Amma mun lura ta haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba, wato faci da gyara.

Mun ga bambancin da idonmu a ranar. Tankin rishon tsohuwar yana yoyo ta gindi. Da mai gyaran ya ga dama, sai ya liƙe wurin da sabulu ko danƙo, ya shafa fenti, ya karɓi kuɗinsa, kuma ba wanda zai sani sai bayan mako biyu. Wannan shi ne faci, kuma shi kaɗai talauci ke tilasta wa mutum. Amma sai ya zazzage tankin, ya wanke shi, ya shanya har warin mai ya fita, ya kankare tsatsar har farin ƙarfe ya bayyana, sannan ya narka dalma ya liƙe. Ya cika shi da ruwa ya ɗaga sama yana duba ko zai ɗiga. Ya zare tsofaffin lagwani ya zura sababbi, ya bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya har kawunansu suka yi daidai. Agogon kuwa ya ce ba fanninsa ba ne, ya nuna mata rumfar mai gyaran agogo.

Wa ya tilasta masa duk wannan? Talauci ya kawo rishon gabansa, gaskiya ne, amma talauci bai ce ya gwada da ruwa ba, bai kuma ce ya faɗi abin da bai iya ba. A nan muke ganin amsar tambayarmu take. Dole tana iya kai mutum bakin aiki, amma kyautata aikin a wurin da idon mai kaya ba ya kaiwa, wannan zaɓinsa ne, kuma a nan halin kirki yake. Rishon da ke yoyo gobara ce a ɗakin da yara ke kwana. Wanda ya liƙe shi da gaskiya amanar rayuka ya riƙe, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu lura da shi. Ba kowane kaya ne ke yarda a gyara shi ba. Risho da agogo mai wani an ƙera su da noti da kusa, duk mai hankali zai iya buɗewa ya fahimta. Tun da kamfanin Seiko ya fito da agogon hannu mai batir na farko irin na kwatz a Disambar 1969, agogo ya yi araha, ya kuma fi na da riƙe lokaci, wannan ba musu. Amma da yawa daga cikin na yanzu roba ce a manne, in ya tsaya sai juji. Wani lokaci ma da gangan ake gajarta ran kaya. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a Janiba suka yi yarjejeniyar kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Alʼummar da ta saba da kayan da ba a buɗewa, sannu a hankali takan manta cewa abubuwa suna da ciki, kuma lalacewa tana da dalili. Sai yaro ya tashi bai san kalmar "me ya same shi?" ba, sai "a sake wani."

Tsoronmu shi ne wannan ɗabiʼa ba ta tsayawa a kan ƙarfe. Takan shiga aure, ta shiga zumunci, ta shiga maƙwabtaka. Mu mutanen Ruma da Runka da sauran garuruwan bakin Rugu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. A Satumbar 2019 gwamnatin Jihar Katsina ta zauna sulhu da ʼyan bindiga a wannan yanki, kafin shekara ta zagayo kuwa an koma gidan jiya. Ba mu da taƙamar sanin maganin wannan masifa, amma ko mai gyaran risho ya san cewa dalma ba ta kama ƙarfen da ba a kankare wa tsatsa ba.

Duk da haka, kada mu wuce gona da iri, garin gyaran gira a rasa ido. Akwai tankin da tsatsa ta cinye har ba inda dalma za ta kama, kuma mai gyara na gaskiya shi ne zai ce wa mai shi, "Wannan ya gama, kada ki sake kunna shi," ko da hakan zai hana shi ladan aiki. Matar da ta samu halin sayen gas ta huta da hayaƙin da ke cin idonta da ƙirjinta ba ta ci amanar kowa ba. Abin da muke yabo shi ne a buɗe a duba kafin a yanke hukunci, ba riƙon tsohon abu don tsufansa kawai ba.

Mu kuma masu alƙalami, wannan magana tamu ce. Nawa ne daga cikinmu ke da labari a ƙarƙashin katifa, wanda muka yar don babi na uku ya ƙi tafiya, muka fara sabo? Nawa ne kuma muka liƙe ramin labari da karin magana da addu'a muka kai maɗabaʼa, muna fata mai karatu ba zai ga yoyon ba? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tace ta.

Da laʼasar muka sake ganin tsohuwar a bakin tasha, ƙunshinta a cinya tana jiran mota ta cika. Muka ce, "Inna, an samu dai?" Ta ce an samu, kananzir kuwa ko rabin kwalba ne za ta ajiye saboda azumi. Sai ta ɗaga ƙunshin ta kara mana a kunne. Agogon yana tafiya.

Allah Ya mai da ita ɗakinta lafiya, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.