Allon Wasan Gem da Iyakar Israfi

Allon kwamfuta na wasan gem, wanda masu shaguna ke kira manita, iri biyu ne a idon mai saye: mai sauƙin kuɗi da mai tsada. Farashin mai tsadar yakan ninka na mai sauƙin sau da dama, alhali aikinsu ɗaya ne. A nan ne wata tsohuwar tambaya ta malaman fiƙihu take tasowa: yaushe ne kashe kuɗi a kan abin da yake halal yake komawa israfi?

Kafin a yanke hukunci sai an san abin da ƙarin kuɗin yake sayowa. Na farko shi ne saurin sabunta hoto, wanda ake aunawa da Hz. Allo mai 60Hz yana canza hoto sau 60 a cikin sakan ɗaya, wato kowane hoto yana tsayawa na milisakan 16.7. A kan 144Hz lokacin yana sauka zuwa 6.9, a kan 240Hz zuwa 4.2, a kan 360Hz kuma zuwa 2.8. Wanda ya tashi daga 60 zuwa 144 ya rage kusan milisakan 10, kuma ido yana ganewa nan take. Wanda ya tashi daga 240 zuwa 360 kuwa bai rage ko milisakan ɗaya da rabi ba. Na biyu shi ne yawan ɗigon da ke haɗa hoton: 1080p yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, 4K kuma ya ninka shi huɗu. Sai irin allon kansa. IPS da VA fitila ce ke haska su ta baya, shi kuwa OLED kowane ɗigo ne ke haska kansa, shi ya sa baƙinsa yake fita ƙirin, sai dai hoton da ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo a jikinsa.

Akwai abin da mai saye yakan manta. Allo ba ya ƙirƙirar hoto, abin da na'ura ta aiko masa shi yake nunawa. PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2020, ba sa wuce hoto 120 a sakan. Duk wanda ya jona ɗayansu da allo mai 240Hz ya biya kuɗin saurin da idonsa ba zai taɓa gani ba. Haka mai kwamfutar da ba ta da ƙarfin tuƙa 4K.

Al-Jurjani, a littafinsa At-Ta'arifat, ya bambanta israfi da almubazzaranci. Almubazzaranci shi ne zuba dukiya inda bai kamata ba sam, israfi kuma shi ne wuce gona da iri a inda kashewar ta dace. A wajen malaman da suke ganin wasan gem halal ne muddin babu caca, batsa ko tozarta salla, sayen allo ba almubazzaranci ba ne. Batun israfi ne ya rage, kuma ma'auninsa amfani ne. Kuɗin da aka biya don saurin da na'ura ba ta iya fitarwa ya tafi a banza, ko da kuwa mai shi attajiri ne.

Ash-Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya kasa maslahar ɗan Adam gida uku a cikin Al-Muwafaƙat: abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, abin da rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da ke ƙawata rayuwa. Don bayanin manufofin shari'a ya yi wannan rabo, amma ya dace da aljihu ƙwarai. A wajen mai buga gem don hutu, allo yana hawa na uku, saboda haka ba ya shiga gaban abincin gida, kuɗin makarantar yara ko bashin da lokacin biyansa ya yi. Wanda yake cin abinci da shi kuwa, kamar ɗan gasar Counter-Strike ko mai tace bidiyo, allo kayan sana'arsa ne, kuma tsadarsa tana da hujja. Mai gidan gem a Kano ko Damagaram lissafinsa daban ne: alluna masu matsakaicin farashi da sitabilaiza mai kare su daga hauhawar wuta sun fi masa guda ɗaya na alfarma.

Bai kamata a ɗauka cewa mai sauƙin kuɗi ne kullum zaɓin mai tsoron Allah ba. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi waɗanda suka tsaya tsakanin ɓarna da ƙwauro, ba ta ɗauki ɓangare ɗaya ba. Hausawa ma sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allon da hotonsa ke jan jela, yake gajiyar da ido, ya mutu bayan 'yan watanni babu garanti, sai an saye shi sau biyu, kuma wannan ma asarar dukiya ce. Son abu mai kyau shi kansa ba laifi ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito, an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, bai kuwa lissafa hakan cikin girman kai ba.

Abin da ya fi wuyar aunawa shi ne niyya. Sau da yawa ba idon mai saye ne ke neman 360Hz ba, idon abokansa ne. Idan sayen ya zama don a gani a faɗa, ko aka ci bashi dominsa, to matsalar ta bar allon ta koma zuciya. Lokaci ma dukiya ne da za a tambayi bawa a kansa, kuma allon da ya fi daɗin kallo ya fi riƙe mutum a kujera har a kira salla bai ji ba.

Mai PlayStation 5 da ke wasa don nishaɗi, allo mai 120Hz ko 144Hz na matsakaicin farashi ya ishe shi. Mai tsada ya halatta ga wanda na'urarsa za ta iya tuƙa shi, idonsa zai amfana da shi, kuma babu haƙƙin kowa a cikin kuɗin da zai biya.