Jakar Goyo da Saƙon 'Yan'uwa

Jama'a, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka tun ana saura wata biyu a yi dogon hutu na shiga Kasuwar Ƙofar Wambai neman jakar goyo, watau irin wadda ake ratayawa a baya. Dalilin tafiyar kuwa shi ne kundin digirina, wanda zan rubuta a kan waƙoƙin Alhaji Umaru Salaga, malamin nan da aka haifa a Kano cikin 1858, ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana cikin 1934. Niyyata in bi mota zuwa Ikko, in ratsa Kwatano da Lome, in sauka Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, sa'an nan in haura Kumasi, in shiga jirgin fito daga Yeji zuwa Makango, in isa Salaga. Kusan wata uku zan yi, domin kwana 90 ne dokar ECOWAS ta yarda baƙo ya zauna ba tare da biza ba.

Tafiya irin wannan ba ta akwati mai taya ba ce. Wanda ya taɓa jan akwati cikin taɓon tasha ya san abin da nake nufi. Mai rumfar gwanjo ya zaro mini jaka biyu, ɗaya mai cin lita 45, ɗaya lita 70, don da lita ake auna cikinsu kamar jarka. Ya ce, "Ɗan makaranta, kada ka duba kyau, duba ɗamara." Ashe ɗamarar nan da ake ɗaurawa a ƙugu ita ce ke ɗauke yawancin nauyi, kafaɗa tallafawa kawai take yi, kuma in tsawon jakar bai dace da tsawon bayan mutum ba, ɗamarar ba za ta zauna inda ya kamata ba. Ya nuna mini cewa ƙaramar tana buɗewa ta gaba kamar akwati, ba sai an zazzage kaya duka ba kafin a kai ga na ƙasa, kuma zif ɗinta yana da kafar sa kwaɗo. Masana tafiyar ƙasa suna ba da shawara kada kayan goyo su wuce kashi ɗaya bisa biyar na nauyin mai ɗauka. Ni kilo 60 ne, watau rabona kilo 12 ke nan. Na yi ciniki, na ɗauki ƙaramar.

To, duk wannan hujja ce mai kyau, kuma ita na faɗa wa kowa. Amma a kan hanyar komawa gida, cikin a-daidaita-sahu, sai zuciyata ta tambaye ni: don bayanka ka saye ta, ko don ka sami bakin cewa "babu wuri"? Na rasa amsa, domin na san gaskiya. Tun ranar da aka ji zan je Gana mutane suka fara yi mini wata irin gaisuwa mai tsawo. Kowa yana da wani a zango. Na san saƙo na tafe, na kuma san ba zan iya kallon idon babba in ce masa a'a ba. Sai na sayi jakar da za ta faɗa a madadina.

Tambayar da nake so mu duba, 'yan'uwana ɗalibai, ita ce: shin wanda ya yi haka ya yi ƙarya? A zahiri bai yi ba. In ya ce babu wuri, babu wurin. Sai dai shi ne ya shirya rashin wurin da hannunsa, kamar mai gidan da ya ga baƙo tafe ya yi maza ya cinye tuwo, sa'an nan ya rantse tukunya ba komai. Kalmar gaskiya ce, amma abin da ake so mai ji ya fahimta, watau "da da hali da na ɗauka", ƙarya ce tsagwaronta. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa aiki yana bin niyya. In haka ne, jaka ma tana iya zama harshe.

Wani zai ce ai wannan kunya ce, kunya kuwa ado ce. Haka ne. A cikin ɗan littafinsa na 1974 a kan mutumin kirki, Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, daga ciki akwai gaskiya da amana da karamci da kunya. Mukan haddace su don jarrabawa kamar 'yan ɗaki ɗaya ne masu zaman lafiya. Ni dai a kan jaka na fara ganin suna faɗa. Karamci ya ce ɗauki. Amana ta ce kada ka karɓi abin da ba za ka iya tsarewa ba. Gaskiya ta ce in ba za ka ɗauka ba, faɗi dalili. Kunya kuma ta ce rufa wa dattijo asiri, kada ka sa ya ji an ƙi shi. Ba na raina wannan ta ƙarshe. Sau da yawa "babu wuri" sutura ce ga mai roƙo da wanda aka roƙa, kowa ya gane, kowa ya yi kamar bai gane ba, zumunci ya tsira. Amma akwai kunyar da ke kare mutuncin wani, akwai wadda ke kare jin daɗin mai ita. Tawa ta biyun ce.

Bari in koma baya kaɗan, don saƙo ba roƙon banza ba ne. Hanyar da zan bi cikin kwanaki, fatake sun yi ta binta cikin watanni. Ayari yakan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su kai Gwanja su saro goro. Waɗansu ba su dawo ba, suka yi aure, suka kafa zanguna. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka watse zuwa Kete-Krachi da waɗansu garuruwa, Alhaji Umaru na cikinsu. Babu gidan waya tsakanin waɗannan mutane da danginsu sai mangalar matafiyi. Wanda ya ƙi saƙo a zamanin nan ya yanke igiyar da ta rage tsakanin uwa da ɗa. Daga baya gwamnatoci suka yi nasu yankan: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, a 1983 gwamnatin Shagari ta kori nata baƙin, har jakar ledar nan mai zane-zane ta sami sunan da muke kiranta da shi yau, Gana-mas-go. Gidanmu ma abin ya taɓa shi. Kakata a Kumasi aka haife ta, a 1969 aka dawo da ita, ƙanenta kuwa ya zauna can wurin dangin uwa. Sau biyu kacal suka sake ganin juna.

Ita ce ta fara zuwa da nata. Ƙullin daddawa, da garin kuka, da wani tsohon zanen saƙi na mahaifiyarsu. Na ce, "Haba Hajiya, ai daddawa tana nan jibge a kasuwar Kumasi, ga shi kuma kullum kuna magana ta WhatsApp." Ta dube ni ta ce, "Kai dai maigida, rowarka ta yi yawa, shi ya sa zan sake miji. Ta Kumasi ni na daka ta?" Aka yi dariya, amma ni jikina ya yi sanyi. Saƙon nan bai kai kilo 2 ba, kuma ba daddawa ce cikinsa ba. Zumunta a ƙafa take, ƙafarta kuwa ta daina tafiya, tawa ce ta rage mata. Da na ce mata babu wuri, da ta yarda, domin ba ta san lita ba. Wannan yardar tata ita ta fi komai ba ni kunya.

Bayan kwana uku sai ga na biyu. Wani dattijo maƙwabcinmu, abokin mahaifina, ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, ya ce wani ne ya ba shi, a kai wa wani a Nima cikin Akra, za a zo tasha a karɓa. Na tambayi abin da ke ciki, ya ce magani ne, shi ma bai buɗe ba. A nan fa lissafi ya sake. Tsakanin Ikko da Akra iyaka uku zan ƙetare, kowace da 'yan kwastan ɗinta. A fiƙihunmu, wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, domin amintacce ne. Dokar kan iyaka ba ta san wannan ba: abin da aka samu a jakarka naka ne, sai ka tabbatar da akasin haka, in ka sami mai saurare. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya cikin Disamba 2018 ba, saboda ƙwayar tiramadol da aka samu a wata jaka mai ɗauke da sunanta, alhali ba tata ba ce. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta. Ita ko saƙon ma ba ta karɓa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ga jakata ƙarama, ga "babu wuri" a kan leɓena, an shirya shi tun daga Ƙofar Wambai. Da na faɗa da an rabu lafiya. Amma na lura da wani abu: ƙaryar nan ba ni kaɗai za ta shafa ba. Dattijon zai ɗauka matsalar wuri ce, gobe ya ba wani yaro mai babbar jaka. Dalilina na gaskiya shi ne kaɗai abin da zai amfane shi, shi ne kuma abin da kunya ke so in ɓoye. Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni. Wuri akwai. Amma na yi wa kaina alkawari ba zan ɗauki abin da ban gani da idona ba. In an yarda a buɗe a gabanka, in ga takardar maganin, zan kai." Ya yi shiru. Can ya ce, "Watau ba ka yarda da ni ba." Na ce na yarda da shi, wanda ya ba shi ne ban sani ba. Ya ce in tashi in tafi.

Ba zan ce muku na fito ina jin daɗi ba. Mai yiwuwa kwalin nan maganin hawan jini ne na wata tsohuwa, na hana ta don tsoron abin da babu. Mai yiwuwa kuma da akwai lafazin da ya fi nawa taushi. Mahaifina ya goyi bayana a kan ƙin ɗauka, amma ya ce "wuri akwai" ɗin nan bai zama dole ba, yaro ba ya gaya wa babba gaskiya tsirara haka. Mun yi ta muhawara har aka kira isha'i, bai ja ni ba, ban ja shi ba. Har yau in na gai da dattijon, amsawa yake yi a taƙaice.

Daren jiya na gwada shirya kaya. Riga huɗu, wando uku, gidan sauro, katin allurar shawara, na'urar ɗaukar magana, littattafan rubutu, da ƙamus ɗin Bargery na 1934 mai shafi fiye da 1200, wanda na ɗauka ba zan iya aiki ba sai da shi. Na ɗora a sikelin mai awon hatsi na ƙofar gidanmu: kilo 13 da ɗoriya, ga saƙon Hajiya bai shiga ba. Na zauna na daɗe ina kallon jakar. Daga bisani na zare Bargery na mayar da shi kan kanta, tun da ana samunsa a intanet, na naɗe daddawar cikin leda uku saboda wari, na sa zanen saƙin can ƙasa inda ruwa ba zai taɓa shi ba.