Ruwan Anab na Manya, da Tafiyar Mai Bi

Ya kai mai karatu, ko ka soma bin Ubangiji Yesu, ko kuwa kana neman sanin hanyarsa, ga magana wadda ta kamata ka auna.

A ƙasar Faransa, a yankin birnin Bordo, akwai gonar anab mai suna Lafite. A shekara ta 1855, zamanin Sarki Nafoliyon na 3, aka jera gonakin wurin daraja daraja, ita kuwa tana cikin huɗu na fari. A 1868 attajirin nan Rothschild ya saye ta. Can a kan gauraya ruwan anab iri biyu ko uku, a zuba cikin gangunan katako masu cin lita 225, ya yi wajen shekara ɗaya da rabi, kana a ɗura a kwalba. Waɗansu su kan ajiye kwalbar shekara 20 ba su buɗe ba.

Wataƙila wani babba za ya miƙa maka irinsa a wurin biki, ya ce wannan ba burukutu ba ne, abin shan manya ne. Kada tsadarsa ta ruɗe ka, gama abin da ke sa maye cikin tukunyar burukutu, shi ne ke cikin kwalban nan, har ya fi ƙarfi. Nuhu adali ne, da hannunsa ya dasa gonarsa, amma sa'anda ya bugu ya kwanta tsirara, ɗansa ya gan shi.

Za ka ce, ai Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan anab a Kana. Gaskiya ne. Amma Littafi Mai Tsarki ya hana maye, ya kuma hana ka sa ɗan'uwanka tuntuɓe. Tuna inda ka ke zaune. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni yawancin maƙwabtanka Musulmi ne, tun shekara ta 2000 kuma Jihar Kano tana bin shari'ar da ta hana giya. Da yawa suna tsammani Kirista da mashayi ɗaya ne. Idan sun gan ka kana tangaɗi a Titin Zariya, sunan wa ya ɓaci?

Ga kuma abin koyo daga gonakin nan. Wajen 1863 wani ɗan ƙwaro daga Amurka ya shiga cin saiwar anab a Faransa, kuringa tana mutuwa daga ƙarƙashin ƙasa, gonakin manya ma ba su tsira ba. Da ƙyar aka sami magani: aka yi wa rassan aure da saiwar kuringar Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashe ta, kamar yadda mu ke yi wa mangwaro.

Hakanan sha'awar giya ta ke cin mutum a ɓoye, ƙarfin zuciyarsa kuwa ba ya isa. Cikin Yohanna sura 15 Yesu ya kwatanta kansa da kuringa, masu binsa kuwa da rassa. Ka manne masa. Sa'anda aka miƙo maka ƙoƙon, ka yi godiya da ladabi, ka roƙi ruwan sanyi. Allah ya taimake ka. Amin.