Fargaba Ce Ko Hankali? Tambaya a Kan Ɓeran Akwati

A shekarar 1980 wasu masana biyu a Amurka, watau Jacqueline Crawley da Frederick Goodwin, suka fito da wata dabara ta auna fargabar ɓera. Akwati ne mai ɗaki biyu da 'yar ƙofa a tsakani. Kashi ɗaya cikin uku duhu ne, sauran kashi biyun kuwa an haske su da fitila. Sai a saka ɓera ciki na minti goma, ana ƙirga sau nawa ya ƙetare ƙofar. Ɓera dai akwai son leƙe-leƙe, amma ba ya ƙaunar sarari mai haske. Da aka ba shi magani irin su Valium, sai ya riƙa kai da komowa ba ja da baya. Daga nan aka yanke cewa wanda ya lafe a duhu shi ne mai fargaba.

To, 'yan'uwa ɗalibai, a nan nake da ja. Ɓeran da ya ƙi fita fili, kakanninsa ne suka tsira daga mujiya da kyanwa. Waɗanda suka yi ƙarfin hali an cinye su tun kafin su bar baya. Ashe abin da mai bincike ya rubuta da sunan fargaba, a wurin ɓera hankali ne. Maganin kuma, wa ya tabbata damuwa ya cire masa? Mai yiwuwa hattararsa ya rage, kamar yadda giya kan sa mutum ya tsallaka titi bai duba ba.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma mutum in fuskarsa ta ruɗe ka, kana iya tambayar bakinsa. Ɓera fa? Ƙafafunsa kaɗai muke ƙirgawa. Shi ya sa masanin ƙwaƙwalwa Joseph LeDoux ya daɗe yana jan kunne cewa gudun haɗari daban, jin tsoro a rai daban. Ma'aunin kansa ma ba shi da tabbas. A 1999 an gwada ɓeraye iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, a Albani da Fotland da Edimantan, sakamakon gwajin fargaba ya sha bamban. A 2014 kuma aka gano a Jami'ar McGill ta Kanada cewa warin jikin namiji mai bincike kawai ya isa ya tayar wa ɓera hankali. (Malaman kimiyya su yi mini afuwa, ban ce aikin banza ba ne.)

Inda gizo ke saƙa shi ne nan. In mun ce ɓera ba ya jin komai, na'ura ce mai gudun fitila, to me akwatin zai gaya mana game da ɗalibin da ya kasa barci saboda zullumi? In kuwa mun ce abin da yake ji ɗan'uwan namu ne, don haka ne ma muke gwada maganinmu a kansa, to mun amsa da bakinmu cewa da gangan muke tsorata mai rai. Ni na fi karkata ga ta biyun, kuma ban ce a rufe ɗakunan gwaji ba, domin masu ciwon damuwa suna jiran magani. Tun 1959 Russell da Burch suka nemi a rage yawan dabbobin gwaji, a sassauta musu wahala, a musanya su da wani abu in da hali. Wanda zai saka ɓera arba'in a akwati, sai ya fara nuna mana dalilin da ashirin ba za su isa ba.