Malami Ko Na'ura: Wa Ya San Yaron?

'Yan'uwa, a cikin 'ya'yanmu akwai masu karatun koyar da makafi, kurame da yara masu jinkirin fahimta, wasu a Jami'ar Jos, wasu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo, wadda aka keɓe wa wannan fanni. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, ɗalibi yana iya umartar ƙirƙirarriyar basira ta tsara masa darasi, ta gama cikin minti guda. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wane aiki ya halatta a miƙa mata, wanne ne kuma bai halatta ba?

Kada mu musa alherinta. Tana karanta wa makaho rubutu, tana mai da magana rubutu domin kurma, tana sauƙaƙa dogon nassi. Rubutun makafi ma ƙirƙira ne: Louis Braille na Faransa ya tsara ɗigoginsa shida a 1824, yana ɗan shekara 15. Amma mu lura, shi kansa makaho ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, na'ura ba ta cikin ɗakin. Daga tarin rubuce-rubuce ta koyi jera kalmomi, mafi yawansu na Turanci, kuma takan yi kuskure da murya irin ta mai gaskiya. Takan faɗi abin da aka rubuta a kan kurame baki ɗaya, amma ba ta zauna da wannan yarinyar ba, wadda ke maganar hannu irin ta gidansu, wadda ke kau da kai in ta ji tsoro. Sanin wannan sai da zama, da haƙuri, da yin kuskure a gyara. Ɗalibin da ya bar na'ura ta rubuta masa tsarin koyar da yaro a lokacin aikin gwaji ya sami takarda, amma ya rasa idon da aka tura shi ya samo.

Akwai kuma batun amana. Wanda ya shigar da sunan yaro da larurarsa cikin na'ura ba da iznin iyaye ba, ya fitar da asirin wanda ba ya iya kare kansa.

A Janairu 2025 Fadar Batikan ta fitar da takarda mai suna Antiqua et Nova, inda ta nuna cewa alhakin abin da aka yi da wannan fasaha yana wuyan mutum. Saboda haka muna roƙon ɗalibanmu: ku fara zama da yaron, ku rubuta abin da kuka gani, sannan ku nemi taimakon na'ura, ku kuma auna amsarta. Mu iyaye kuwa, in malami ya kawo mana tsarin karatun ɗanmu, mu tambaye shi abin da shi kansa ya gani a wurin yaron.